Yadda Mai Ba da Shawara Zai Riƙe Amanar Wanda Ya Zo Wurinsa, a Coci ko a Ofis

Mutumin da ya zauna a gabanka ya buɗe maka cikinsa ya riga ya ba ka abin da ba zai iya karɓewa ba, domin magana zarar bunu ce. Ya faɗa maka abin da matarsa ba ta sani ba, ko abin da yake jin kunyar faɗa wa iyayensa, kuma ya yi hakan ne a lokacin da damuwa ta rage masa ƙarfin kare kansa. Tun daga wannan lokaci kai ne mai iko, shi ne mai rauni, kuma duk ƙa'idojin aikin ba da shawara an kafa su ne don kada wannan iko ya cutar da shi. Bayanin da ke tafe ya shafi fasto da dattijon ikilisiya da shugabar zumuntar mata, ya kuma shafi malamin ba da shawara a makaranta da ƙwararren da ke aiki a asibiti, namiji ko mace.

A Amurka, inda aka fi rubuta waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla, ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar, wato ACA, tana da kundin da ta sabunta a 2014, wanda bai jingina da kowane addini ba, yayin da ƙungiyar Kiristoci masu ba da shawara, wato AACC, take da nata kundin da ya ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin tushe. A Najeriya akwai ƙungiyar CASSON ta masu wannan sana'a, kuma a 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta kula da su. Wanda ya karanta kundayen biyu na Amurka zai ga cewa inda suka yi tarayya ya fi inda suka saɓa yawa nesa ba kusa ba. Saɓanin yana nan, zan kuma zo kansa, amma ɓarnar da aka fi yi wa masu neman shawara tana faruwa ne a wuraren da kowa ya yarda cewa kuskure ne.

Abin da za ka faɗa a zaman farko

Kafin mutum ya fara ba ka labarinsa, ka gaya masa ko kai wane ne a wannan aiki. Idan horonka na tauhidi ne kuma ba ka karanci ilimin halayyar ɗan Adam ba, ka faɗa masa haka a fili, kada ka bar shi yana zaton yana gaban likitan ƙwaƙwalwa. Ka bayyana masa tsawon kowane zama, da ko akwai kuɗin da zai biya, da cewa yana da 'yancin dainawa duk ranar da ya ga dama ba tare da an riƙe shi a zuciya ba. Mafi muhimmanci, ka gaya masa inda rufin asiri yake ƙarewa tun bai faɗi komai ba. Kana iya cewa: "Duk abin da ka gaya mini zai tsaya tsakaninmu, sai dai idan na ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, a nan dole in nemi taimako, kuma zan sanar da kai kafin in yi." Wanda ya ji wannan tun farko zai zaɓi abin da zai faɗa da saninsa, wanda kuwa aka ɓoye masa zai ji an yaudare shi ranar da maganar ta fita.

Mashawarci Kirista yana da ƙarin abu guda. Kundin AACC da kansa ya ce kada a ɗauka cewa duk wanda ya zo yana son a yi masa addu'a ko a buɗe masa Littafi Mai Tsarki, sai an nemi yardarsa. Wannan ya fi zama dole a makarantu da asibitocin mishan, inda Musulmi da Kirista suke zuwa ofis ɗaya. Ɗaliba Musulma da ta zo saboda tsoron jarrabawa ta zo ne don tsoron jarrabawa, kuma amfani da rauninta don a ja ta zuwa wani addini cin amana ne, ko da wace niyya aka yi shi. Ko ɗan ikilisiyarka ne ma, ka tambaye shi, domin akwai wanda fushinsa da Allah ne ya kawo shi, kuma yana bukatar a saurare shi kafin a karanta masa aya.

Rufin asiri da iyakarsa

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 11:13 ta bambanta mai yawo da tsegumi da amintaccen da yake rufe magana. Kowa ya yarda da wannan a baki. Matsalar ita ce a cikin coci asiri ba kasafai yake fita da sunan tsegumi ba, yakan fita ne da sunan alheri. Hanya ta farko ita ce roƙon addu'a, inda za a tashi a taron tsakiyar mako a ce a tuna da wata 'yar'uwa da aurenta yake girgiza, alhali a ikilisiya mai mutum ɗari biyu babu wanda bai gane ta ba. Hanya ta biyu ita ce misali a cikin wa'azi, inda fasto zai sauya suna amma ya bar sana'ar mutumin da yawan 'ya'yansa da unguwarsa. Hanya ta uku ita ce hirar dare tsakanin mashawarci da matarsa, ko tsakanin mashawarciya da mijinta. Ka rufe waɗannan ƙofofi uku gaba ɗaya. Idan kana ganin mutum yana bukatar addu'ar jama'a, ka tambaye shi wa za a gaya wa da kuma kalmomin da za a yi amfani da su, in ya ƙi, ka yi masa addu'a kai kaɗai.

Akwai wuri na huɗu da ya kamata a tsaya a kansa, wato shawarar kafin aure. Coci-coci da yawa suna neman sakamakon gwajin ƙanjamau da na ƙwayoyin jini saboda sikila kafin a ɗaura aure, kuma manufar mai kyau ce. Amma takardar sakamako ba ta kwamitin aure ba ce. Abin da ya dace shi ne masu shirin auren su karɓi sakamakonsu daga ma'aikacin lafiya, su sanar da juna, sannan mutum ɗaya da suka amince da shi ya tattauna da su. Idan aka fasa auren, kada dalilin ya fito daga bakin ikilisiya, domin yarinyar da aka san tana ɗauke da ƙwayar cutar a gari ƙarami za ta biya farashin wannan sakaci har tsawon rayuwarta.

Haka kuma dole ne ka raba aikin shawara da aikin horon ikilisiya. Idan kai ne kake sauraron mutum a ɓoye, kai ne kuma kake zama a majalisar dattawan da za ta dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, to ka gaya masa tun farko wace hula ka sa, ko kuma ka miƙa ɗaya daga cikin ayyukan ga wani. Matiyu 18:15-17 ta fara ne da magana tsakanin mutum biyu, kuma ba ta ba kowa izinin ɗaukar abin da aka faɗa cikin kuka ya kai shi gaban taro ba tare da sanin mai maganar ba.

Duk da haka rufin asiri yana da iyaka, kuma shari'ar da ta fi bayyana wannan iyaka ta faru ne a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi cewa yana da niyyar kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare ɗalibin na ɗan lokaci suka sake shi, amma babu wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. A watan Oktoba na wannan shekara ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke hukunci cewa idan mai duba marar lafiya ya gane akwai haɗari mai tsanani ga wani, wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace don kare shi. Wannan hukunci na Kalifoniya ne, ba dokar Najeriya ko Nijar ba, amma darasinsa ya shiga ƙa'idojin sana'ar, har kundin ACA ya halatta bayyana sirri don kare mutum daga mummunar cutarwar da ake hango ta.

Idan ka kai wannan matsayi, ka yi abubuwa bi da bi. Ka tantance girman haɗarin ta hanyar tambaya kai tsaye: ko akwai wanda aka nufa, ko akwai shiri, ko akwai makami ko guba a hannu. Ka shawarci wani ƙwararre da ya fi ka gogewa ba tare da ambaton suna ba, in lokaci ya ba da dama. Ka sanar da mai neman shawarar abin da za ka yi, sai fa idan sanar da shi zai ƙara haɗarin. Sannan ka faɗi iya abin da ake bukata ga iya wanda zai iya karewa, ka bar sauran labarin a rufe. Game da yara babu dogon nazari: yaron da ake yi wa fyaɗe ko azaba ba a sasanta maganarsa a ofishin fasto don kare sunan coci ko sunan iyali. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, tare da irinsu da jihohi suka kafa, sun ɗauki waɗannan a matsayin manyan laifuka, kuma wurinsu yana gaban hukuma da asibiti. Abin da ya fita daban shi ne ikirarin zunubi a Cocin Katolika, wanda doka ta 983 ta dokokin cocin ta haramta wa firist tona shi ko da wane dalili. Wannan hurumi na ikirari ne kawai, bai shafi hirar shawara ta yau da kullum ba, don haka kada wani mashawarci ya fake da shi.

Ka san inda iyawarka ta tsaya

A 1979 wani saurayi mai shekara 24, Kenneth Nally, wanda ya daɗe yana fama da ciwon damuwa yana kuma karɓar shawara daga fastocin wata babbar coci a Los Angeles, ya kashe kansa. Iyayensa suka kai cocin ƙara, kuma a 1988 Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta ce doka ba ta ɗora wa masu ba da shawara na coci da ba su da lasisi nauyin tura mutum wurin ƙwararre ba. Cocin ta yi nasara a kotu, amma a ganina babu makiyayin da ya kamata ya auna aikinsa da abin da kotu za ta iya kama shi da shi. Abin tambaya shi ne ko ka gane lokacin da lamarin ya wuce hannunka.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga wanda ya kula. Mutumin da yake jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, ko ya daina ci da wanka har makonni, ko mai jegon da ta fara tsoron jaririnta ko ƙin sa, ko wanda shaye-shaye ya kai shi ga rawar jiki in bai sha ba, duk waɗannan suna bukatar likita. Idan kana zargin mutum yana tunanin kashe kansa, ka tambaye shi a fili da tattausar murya, domin tambayar ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma takan sauke masa nauyi. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka sa a kawar da maganin ƙwari da sauran abin da zai iya amfani da shi, ka kuma raka shi asibiti ko ka haɗa shi da wanda zai raka shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Jos da na Kano. Ka san hanyar wanda ya fi kusa da kai tun kafin bukata ta taso.

Kada ka taɓa cewa mutum ya ajiye maganin da likita ya ba shi don ya nuna bangaskiya. Mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali da ya daina shan magani farat ɗaya yana iya komawa halin da ya fi na da muni. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Turawa wurin likita kuma ba sallama ba ce, domin ziyara da addu'a da tallafin ikilisiya suna ci gaba. Ɗaure marar lafiya da mari ko dukansa da sunan fitar da aljanu zalunci ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo ne don kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Ƙwararren da ba na addini ba shi ma yana da tasa iyakar. Ba aikinsa ba ne ya ba da fatawa ko ya fassara nassi, kuma kuskure ne ya ɗauki imanin mutum a matsayin alamar ciwo. Idan matsalar ta koma tambayar ko Allah zai gafarta, sai ya nemi yardar mutumin ya haɗa shi da malamin addininsa.

Inda imani da ƙa'idar sana'a suke karo

A nan ne kundayen biyu suka rabu. Kundin ACA ya hana mashawarci ɗora wa mai neman shawara aƙidarsa, ya kuma hana shi tura mutum wani wuri don kawai rayuwar mutumin ta saɓa wa abin da shi ya yi imani da shi. Kundin AACC kuwa ya ce mashawarci Kirista ba zai goyi bayan abubuwan da ya ɗauka zunubi ne ba, kamar zina da zubar da ciki, ko da yake ya wajabta masa girmama kowa da ƙin cutar da shi. Rikicin ya kai kotu lokacin da Jami'ar Eastern Michigan da ke Amurka ta kori wata ɗaliba Kirista daga karatun ba da shawara a 2009, bayan ta nemi a miƙa wa wani abokin aiki wani mai neman shawara da ke soyayya da ɗan jinsinsa. A 2012 aka sasanta, jami'ar ta biya ta dala 75,000. A 2016 jihar Tennessee ta kafa dokar da ta ba masu ba da shawara damar yin irin wannan turawa, ƙungiyar ACA kuma ta ɗauke babban taronta daga birnin Nashville na wannan jiha don nuna rashin amincewa.

Abin da nake ganin ya fi amfani shi ne mutum ya duba kujerar da yake zaune a kai. Wanda yake aiki a ofishin coci da sunan coci yana da damar faɗin koyarwar cocinsa, muddin ya bayyana hakan tun farko, domin wanda ya zo ya san inda ya zo. Wanda yake aiki a makarantar gwamnati ko asibiti da lasisin sana'a ya karɓi amanar yi wa kowa hidima, kuma ba a ɗauke shi don ya yi wa'azi ba. A kujerun biyu akwai abin da ba ya sauyawa: ba a wulaƙanta mutum, ba a watsar da shi a tsakiyar hanya, ba a kuma yanke masa hukuncin rayuwarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Misalin da ya fi damuna shi ne na matar da mijinta yake duka. Mashawarcin da ya ƙi jinin saki yana iya riƙe aƙidarsa, amma ba shi da ikon mayar da ita gidan da za a iya kashe ta da sunan haƙuri da biyayya. Tsaron ranta da na 'ya'yanta ne a gaba, maganar gyaran aure kuma ta biyo baya, idan dukan ya tsaya.

Kusanci, kuɗi da kyauta

Duk wata hulɗar soyayya ko ta jima'i da wanda kake ba shawara haramun ce a kundayen biyu, kuma yardar mutumin ba hujja ba ce, domin wanda ya dogara da kai ba ya cikin halin da zai ƙi ka cikin sauƙi. Kundin ACA ya tsawaita haramcin har shekara 5 bayan zama na ƙarshe. Lamarin yakan fara ne da ƙananan abubuwa, kamar zaman da yake wuce lokacinsa, da saƙon WhatsApp da tsakar dare, da mashawarcin da ya fara ba da labarin matsalar nasa auren. In ka ga haka daga gare ka, ka gaya wa wanda yake sa ido a kan aikinka, ka miƙa mutumin ga wani cikin mutunci. Ka riƙa ganawa da mutane da rana, a ɗakin da ake iya hango ciki amma ba a jin magana, kuma a lokacin da akwai wani a harabar.

A ƙauye ko ƙaramar ikilisiya ba zai yiwu ka guje wa sanin mutane ta wata fuska ba, amma kana iya ƙin ba matarka ko ɗan'uwanka ko wanda kake bin bashi shawara irin ta sana'a. Kada ka ranci kuɗi a hannun mai neman shawara, kada ka shiga kasuwanci da shi, kada kuma ka haɗa samun sauƙinsa da yawan baikon da zai bayar. Game da kyauta, kundin ACA ya yarda cewa a wasu al'adu ƙaramar kyauta alamar girmamawa ce, don haka kaza ko kwanon gyaɗa daga tsohuwar da ta ji daɗin taimakonka ba abin mayarwa ba ne. Fili ko mota ko kuɗi mai kauri daga wanda har yanzu kake dubawa, wannan ka mayar da shi da godiya, ka kuma bayyana dalili.

Rubutu da mai sa ido

Ka riƙa rubuta taƙaitaccen bayanin kowane zama: rana, da abin da aka tattauna a dunƙule, da matakin da aka amince a kai, musamman idan an yi maganar haɗari. Ka ajiye littafin a akwati mai makulli wanda ba na ofishin sakataren coci ba, ka sa wa wayarka lambar sirri, kada kuma ka bar saƙonnin mutane a wayar da 'ya'yanka suke wasa da ita. Ka samu wani da ya fi ka gogewa da za ka riƙa zama da shi aƙalla sau ɗaya a wata, kana kawo masa lamuran da suka yi maka nauyi ba tare da sunaye ba. Wannan ya fi zama dole ga masu aiki da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna, domin sauraron labarin kisa kullum yana gajiyar da zuciya har mutum ya daina ji. Yetro ya gaya wa Musa a Fitowa 18 cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya kuma sa shi ya raba shi. Idan ka lura ka fara jin haushin masu zuwa, ko barcinka ya lalace, ka rage yawan mutanen da kake gani a mako, ka sanar da waɗanda abin ya shafa wanda zai karɓe su da kuma ranar da za ka dawo.